Randar Inna

Bazara ce, an gama tsinkar auduga, ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa da ke ratsa gonakinmu, ya janye sai laka. Shekarar ta yi nauyi a ƙauyenmu na kusa da Hasahisa. Gida kaɗan ne babu yaro kwance da gudawa. Autata ma ta kwanta, ta tashi da ƙyar.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da la'asar. Malamarmu ta ce hannuwan yara da moɗar da ake tsomawa cikin randa su ke kawo ciwon. Ta nuna mana hoton tulu da hanafiyya a gindinsa, wato famfo ɗan ƙarami. Na dawo gida da abin a raina.

Randa ɗaya ce babba a gidanmu, ta Inna, uwar maigidana. Mahaifiyarta ce ta gina ta tun suna zaune wajen Sinnar, kuma a bakinta akwai sawun babban yatsan tsohuwar. Ruwanta ya fi na kowa sanyi.

Da na kawo maganar, Inna ta dube ni.

"Ɗiyata, randa tun tana ɗanya ake huda ta. In ta sha wuta, ta gama magana."

"Inna, don yaran ne."

Ta kalli autata da ke jingine da bango, ƙafafu kamar kara. Ta ce, "To, ku yi abin da kuka gani."

Maigidana yakan taɓa aikin katako idan babu noma. Yana da barrima, abin huji da ake murɗawa da hannu, da wasu ƙarafa biyu masu zagaye kamar bakin gwangwani. Ɗaya mai manyan haƙora, na katako. Ɗaya mai ƙanana, na huda durom da kwanon rufi.

"Babu na huda tukunyar ƙasa a ciki," in ji shi.

"Malam, kai da ka huda durom, tukunya ce za ta gagare ka?"

"Durom ba shi da uwa a gidan nan."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Amma ya zauna. Muka juye ruwan, muka kwantar da randar bisa buhu. Ya ɗaura mai ƙananan haƙora, yana murɗawa a hankali, ni ina ɗiga ruwa a wurin. Jan gari yana fita kaɗan-kaɗan. Rana ta take, gumi ya jiƙe masa riga, zoben da ya zana bai wuce kaurin farce ba.

Ni da ake cewa mai haƙuri, ranar na kasa. Na ce, "Sa mai manyan haƙoran mana, ya fi ci."

Ya dube ni, ya canza. Murɗawa ta farko haƙori ya kama. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ganye. Tsagar ta tashi daga gindi har baki, randar ta buɗe gida biyu a kan buhun.

Inna ta fito daga ɗaki. Maigida ya yi saurin cewa, "Hannuna ya yi nauyi, Inna."

"Na ji wadda ta yi magana," ta ce. Ba da faɗa ba. Ta durƙusa ta tattara gutsattsarin, ta zaɓi mai faɗi ta zuba wa kaji ruwa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da yamma na kai mata ruwa daga durom, ta kurɓa, ta ce, "Ya yi ɗumi," ta shanye.

Da safe na tsinci ɓarin da ke da sawun yatsan a bayan murhu. Na wanke shi, na ajiye a ƙofar ɗakinta. Sannan na ƙulle hanafiyyar da na saya don randar a bakin zane, na goya autata, na nufi gidan maginiyar tukwane a ƙarshen ƙauye, don ta gina mana sabuwa, ta auna ramin tun yumɓu yana ɗanye.