Salatif a Bakin Waya

A Akurba ana ta yaɗa cewa Rahmat, 'yar gwaggona, tana ƙyanƙyasar kaji da kwamfuta, wai kowace safiya 'yan tsaki ɗari ke fitowa. Ƙarya ce, jama'a! Kaza ɗaya ce ta ji ɗumin injin ta hau ta yi ƙwai, ƙwan ma ni na soye shi.

Ga gaskiyar zance. Rahmat ta bar makaranta a aji biyu na foliteknik, ba takardar shaida. Sai ta tattaro tsofaffin kwamfutoci huɗu da ofisoshi suka zubar, ta jera su a ɗakin ajiyar doyar Gwaggo, ta haɗa su da wayoyi, ɗaya ta zama uwa mai riƙe fayil ɗin sauran. Da su take koyon aikin kula da netwok, wato haɗin kwamfutoci. Ni kuma, abokin wasanta, aikina ɓarna: in ta fita in lalata wani abu a ɓoye, in ta dawo ta gano ta gyara.

Ran wata Talata na cire wayar uwar, na manna salatif siriri a bakinta, na mayar ƙyas. Ko aljani ba zai gani ba. Ashe ranar ce Madam Hembadoon, mai cibiyar jarrabawar kwamfuta, za ta zo ganin aikinta. Mutum ɗaya za ta ɗauka aiki, kuma masu digiri uku na jira.

Madam ta zauna kan buhu, ta duba agogo. "Minti ashirin gare ni, 'yata. Nuna mini."

Rahmat ta kunna. Kwamfuta uku suka nemi uwa, shiru. Ta sake. Shiru. Gwaggo na bakin ƙofa tana ta salati, ni kuwa zufa har cikin takalmi. Na buɗe baki zan tona kaina, Rahmat ta ɗaga mini yatsa ba ta ko waiwayo ba.

"Saura goma," in ji Madam, ta jawo jakarta kan cinya.

Rahmat ta bar allon, ta durƙusa gaban akwatin da wayoyin ke haɗuwa. Fitila uku na ƙyaftawa, ta huɗu a mace. Ta sauya wa wayar rami, a mace. Ta bi wayar da hannu har bayan uwar, ta zare, ta kai ta hasken taga. Da farce ta ɓare salatif ɗin.

Madam ta karɓa ta jujjuya. "Wa ya sa wannan?"

Rahmat ta nuna ni. "Ni nake sa shi ya ɓata in gyara, Ma. Kullum."

"Kullum?" Ta ajiye jakar. "Ki zo Litinin."

Tun ranar nake shela a gari cewa ni na sama wa Rahmat aiki. Da ta ji sai ta ce, "Sharhabilu, a duniya ɓarna kaɗai ka iya, ita ma ko minti sha huɗu ba ta kai ba."