Layin da Yaya Ta Goge

Abokan aikin yayata na kiran ta Sau-Biyu. Shekara bakwai tana cikin masu haɗa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma duk taro maganarta ɗaya ce: a gina manhajar a kwamfuta biyu daban, in ba su fito iri ɗaya sak ba kada a fitar, don wani na iya cusa mugun abu a ɓoye. Ta sha faɗa kafin a mayar da hakan doka.

Ranar fitar da zubin farko a ƙarƙashin dokar na kai mata abincin rana ofis. Ko kallona ba ta yi ba. Saura awa ɗaya, ɓangare guda ya ƙi dacewa, shugabansu na tsaye a kanta yana kaɗa makulli.

"Hajiya, a ɗaga dokar nan, yau kawai," ya ce.

"Wallahi ba za a ɗaga ba."

Ta yi ta tono har ta gano layin da ya jawo matsalar, sai na ga hannunta ya tsaya. Nata ne. Tun tana sabuwar hannu ta sa shi, yana rubuta sunan kwamfutar da aka yi ginin a kai. Tata kwamfutar ta wancan lokacin kuwa sunan marigayi Baba ta sa mata, ashe shekara bakwai sunan yana yawo a duniya cikin manhajar.

Ta goge layin, ta sake gini. Suka dace.

"Miƙo abincin," ta ce mini, amma ta ƙi juyowa.