Rigar aro ta rufe danja a hanyar Caranci

Liman na sallame asuba muka tashi daga Ƙofar Sauri, ni da Yayana, bisa sabon babur ɗinsa. Ƙarin albashin nan da ya sauko wa ma'aikata ne ya saya da shi, baƙi wuluk, ko ledar kujera bai yarda an cire ba. Kankiya muka nufa, in kai wa Kaka albishir da bakina cewa na ci jarrabawa. Ku 'yan ajinmu kun san ni da son gayu, to ranar na ƙure maleji. Na ari babbar rigar Yaya mai rinin shuɗi, wadda ta sha bugu har tana ɗaukar ido. Ta yi mini yawa, amma wa ya damu? Shi kuma ya ɗora baƙin kwat irin na akawun Jiyare, unguwar manyan ma'aikata.

Muna fita Ƙofar Kaura hanya ta miƙe. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Motoci kuwa kamar an buɗe musu kara: gingimari ɗauke da siminti, tankar mai, tasi, kowa sauri yake kamar kuɗin zai ƙare kafin ya isa. A Rimi muka tsaya shan shayi. Burodin sule ya koma sule biyu, mai shayin ya ce ai tunda ma'aikata suka samu, shi ma ya yi wa kansa ƙarin albashi.

Kaka ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Miji ko buhun gawayi? Wa ya sako ka cikin rigar nan?" Ta cika mu da tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ta ɗaure mana ƙwan zabi cikin ƙwarya.

Bayan la'asar muka juyo. Mun wuce Caranci kaɗan sai hadari ya taso daga gabas, gari ya rufe kamar magariba, aka fara yayyafi. Yaya ya kunna fitila. Ni kuma sanyi ya sa na saki rigar gaba ɗaya, na baza ta baya, na lulluɓe har ƙafa. Ina jin daɗina.

Sai ƙarar birki a bayanmu, ƙiiii! Na waiga, ga hancin gingimari, wallahi da na miƙa hannu da na taɓa shi. Yaya ya kauce muka faɗa gonar wani, ƙwan Kaka ya zama waina tun ba a soya ba.

Direban ya diro, dattijo ne mai furfura.

"Ku 'yan samari, lahiya kuke? Kashe ni za ku yi da ɗaurin gwamnati?"

Yaya ya ce, "Haba Baba, ai fitilarmu a kunne take."

"Wace hitila? Kai mai riga, tashi tsaye!"

Na tashi. Sai ga danja, fitilar bayan babur, tana ci abinta, ja zur. Ashe tun daga Caranci gindin rigata ya lulluɓe ta, har da ɗan jan gilashin da ke ƙasanta.

Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. "Wannan idon kyanwa ne. Ko hitila ta mutu, in haskena ya doke shi sai ya ƙyalla. Kai ka sa mashi riga. Baƙin babur, baƙin kwat, baƙar riga, bisa baƙar kwalta, cikin hadari. Ni waliyyi ne? Ƙwaryar nan kaɗai na hango tana tahiya cikin iska, ita ta sa na taka birki."

Ya sa na tuɓe rigar, na zauna a kanta. Saura farar 'yar shara ta makaranta. Yaya ma ya cire kwat, farar shat ta fito. Dattijon ya ja baya cikin yayyafi, ya ƙanƙance ido ya ce, "Yauwa, yanzu na ga mutane."

Ya biyo mu sannu a hankali har Rimi, fitilunsa na haska bayana. Sanyi ya ci ƙaniyata, haƙora na kaɗawa, amma duk motar da ta taho sai in ga ta rage gudu tun daga nesa, ta ba mu hanya. Daɗin da na ji, ko sakamakon jarrabawa bai kai shi ba.

Ana kiran magariba muka shigo Ƙofar Sauri. Inna ta gan mu jiƙe sharkaf cikin fararen kaya ta ce, "Daga Kankiya kuke ko daga Arfa?" Muka ce daga Kankiya, muka yi shiru da sauran.

Abin da na koyo, jama'a: a bisa babur direba ba ya tambayar wa ya ɗinka maka riga. Ya gan ka ko bai gan ka ba, shi ke nan. Ku sa fari, ku naɗe riga ƙarƙashinku, ku bar danja ta sha iska.