Geron da Na Cusa a Jirgin Yayana

Malam Edita, a shekarar 1998 ni ne mai kula da lodin motocin yayana a Gusau. Shi babban ɗan kasuwar hatsi ne, ni kuwa ƙaninsa da ya ɗauko daga ƙauyenmu na wajen Bungudu ya koya wa sana'a. Na daɗe ina lodi har na ɗauka babu abin hawa a duniya da ban san cikinsa ba. In direba ya ce mota ta cika, sai in tura shi shan shayi, kafin ya dawo na ƙara buhu biyar. Mota ta yi nishi ta tafi, 'yan kamasho su yi ta zuga ni, ni kuma ina hura hanci kamar wani abin kirki na yi. Wawa ne ni a lokacin, wawan da ake tafa wa.

A daminar shekarar ciwon ƙoda ya kwantar da yaya. Likita ya ce lallai a kai shi Legas cikin kwana biyu, kuma jikinsa ba zai ɗauki jijjigar mota ba. Wani abokin kasuwancinsa ya aiko da ƙaramin jirginsa mai kujera shida, ya sauka a ɗan filin jirgin Gusau, aka ce ni zan shirya tafiyar tare da matuƙin. Dattijo ne mai furfura, marar yawan magana. Ya zo gidanmu a Tudun Wada, ya shimfiɗa taswira a kan tabarma yana ta aune-aune da fensir. Ya ce za mu sauka Ilorin mu sha mai, kuma dole mu tashi da sanyin safiya, domin filin gajere ne, in rana ta yi zafi jirgi ba ya tashi da wuri. Sannan ya sa aka kawo sikelin hatsi ya auna ni, ya auna Hajiya matar yaya, ya auna ma'aikacin jinyar da zai raka mu, ya auna kowace jaka, ya ce bayan waɗannan ko ƙullin goro kada a ƙara. Na dube shi na raina shi. Na ce a raina direba dai direba ne, ko na ƙasa ko na sama, duk ragwancinsu ɗaya.

Da safe danginmu na Nahuce da Karakkai suka cika gida. Mutanen da yaya ya yi wata biyu a kwance ba su leƙo ba, jin an ce jirgi sai ga su da manyan riguna, kowa yana so a gan shi a wurin. Wannan ya yi addu'a, wancan ya yi wadda ta fi ta tsawo, matuƙi yana ta aiko a fito, ni ina cewa ba a katse wa manya ban kwana. Wani kawunmu ya kawo buhun gero biyu da jarkar man shanu, ya ce tsarabar mai masaukinmu ce a Legas, abin kunya ne ɗan gidanmu ya sauka gidan mutum hannu rabbana. Na gaya masa abin da matuƙi ya ce. Ya yi dariya ya ce ashe akwai lodin da ya fi ƙarfina. Wannan 'yar maganar ita ta kashe ni.

Ba mu isa filin ba sai da rana ta take. Matuƙi ya duba kaya, ransa a ɓace, ya shiga ɗan ofishin wurin don ya ji labarin hadari a kan hanya. Ina ganin ya ba da baya na yi abin da na saba. Na cusa buhunan da jarkar can ƙuryar baya, na lulluɓe su da bargunan yaya, kawu yana kallona yana gyaɗa kai.

Jirgi ya ɗauki gudu, ya yi ta gudu, ya ƙi rabuwa da ƙasa. Hancinsa ya ɗaga ya dawo, na ga ƙarshen fili yana tunkaro mu. Matuƙi ya rage wuta ya taka birki, muka zarce cikin taɓo, ƙafar gaba ta karye, farfela ta daki ƙasa ta lanƙwashe. Babu wanda ya ji ciwo, kuma bayan ikon Allah gwanintar dattijon nan ce ta fitar da mu. Da ya yaye bargunan ya ga gero, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya sa wannan. Na sunkuyar da kai. Dangi kuwa suka hau zaginsa, wai bai iya tuƙi ba, kawu ne ma a gaba. Kafin a gama fito da yaya, kawun nan ya sa an mayar da geronsa bayan a-kori-kura.

Babu wani jirgin da za a samu, sai muka shimfiɗa katifa a mota muka kama hanya. Yaya bai san abin da ya jawo haɗarin ba, don yana kwance idonsa a rufe lokacin da aka yaye bargunan. Kansa yana kan cinyata, kowane rami muka faɗa sai ya cije leɓe. Muna dab da Tsafe ya kama hannuna ya ce kada in damu, ƙaddara ce, ya ga irin wahalar da na sha a kan tafiyar nan, kuma a duk 'yan'uwansa ni kaɗai ne bai taɓa sa ni aiki na ba shi kunya ba. Ya sa mini albarka. Ba mu fita garin Tsafe da shi da rai ba.

Na san kwanan mutum ba ya wuce ranarsa, amma wannan bai wanke ni ba. Har yau kawu yana ba da labarin matuƙin da ya kusa hallaka mu, jama'a suna tsaki, ni ina zaune ban taɓa buɗe baki ba. Ina jin ƙyamar su, amma ba kamar yadda nake jin ƙyamar kaina ba. Mai karatu, in wanda ya san aikinsa ya ce maka iyaka ke nan, ka tsaya, ko da ba ka gane dalili ba, ko da duk danginka za su kira ka rago. Iya aikinka bai sa ka iya na wani ba. Kunyar kawu ta yini ɗaya na guje wa, ga shi ina yawo da albarkar da na karɓa a bakin mutumin da na cuta, kuma babu inda zan same shi in gaya masa gaskiya.