Tafkin da Na Ɓoye Wa Baba

Ni ne na yi laifi, ba Kawu Jaɓɓo ba. Wata Talata ce a ranin da nake aji huɗu a Kwargaba, malamin dabbobi ya zo gidanmu don saniyarmu Fara ta rame, tana wani busasshen tari. Ya aske mata gashin wuya, ya yi allura. Da ya dawo bayan kwana uku ya shafa kumburin wurin, ya ce tarin fuka ne. A ware ta, a daina shan nononta ba dafawa. Ya tambaya ko ta cuɗanya da baƙin shanu, ko tana shan ruwa inda namun daji ke sha.

Ni ke kai shanunmu ruwa bayan an tashi makaranta. Baba ya ce gulbi kaɗai zan kai su, amma can da nisa, ga abokaina suna langa kusa da wani ɗan tafki a fadama. Nan nake kora su in shiga wasa. Na sha ganin sawun mugun dawa da gada a laka.

Baba ya dube ni: "Kai Sani, mi ka sani?"

Na ce na ga bijimin Kawu Jaɓɓo yana shinshinar Fara. Kawu Jaɓɓo Bafulatani ne, aminin Baba. Duk kaka shanunsa ke kwana a gonarmu su ci kara su bar taki. Daga shekarar Baba ya hana shi sauka. Kawu ya tattara ya yi wajen Goronyo, geronmu kuma ya ƙi kyau.

Har yau ban san inda ciwon ya fito ba. Tafkin ne? Bijimin ne? Ko kakanmu, da shi ma yake tari kuma shi ke ba Fara dusa? Yanzu tafkin ya zama gonar albasa, babu sawun komai. Baba ya rasu yana jin haushin amininsa.

Bara na ga Kawu a kasuwar Achida, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Sai da na faɗi sunan Baba ya gane ni. Na durƙusa na ce, "Kawu, ni nake kai Fara tafki, na ɓoye na ɗora maka. Ka yafe mani."