Rezar Baba Mai Lamba Tara

Ilmina na lakwal ya tsaya a aji uku, a Filinge, ranar da malamin ya tabbatar kaina ba mazubin faransanci ba ne. Amma na fito da lambobi, ɗaya har tara, kuma su suka mai da ni babban injiniyan gidanmu.

Babanmu kuku ne a gidan kumandan. Da aka ba ƙasa mulkin kai, Baturen ya ɗaure kayansa, ya bar masa reza ta ƙarfe mai nauyi, da zobe mai lambobi a wuyanta. Ku saurara, nan ilmin yake. In ka murɗa zoben zuwa tara, bakin rezar zai leƙo waje sosai, ya kwashe gashi har tushe, ya bar kai kamar bayan ƙwarya, amma hannu ya ɗan karkace sai jini. In ka mai da shi ɗaya, bakin ya ɓuya, ba yanka, ba kuma askin kirki, sai ya shafi gashin ya wuce. Baba ɗan lamba bakwai ne. Gemu yana barin abinsa, kai da kumatu nake aske masa kowace Juma'a da hantsi a gindin aduwa. Wanzamin unguwarmu har ya bar duniya bai amsa gaisuwata da daɗin rai ba.

"Lamba nawa, mai ilmi?" haka Baba yake tambaya kafin in fara.

"Bakwai, Baba."

"Madalla. Ƙasa da bakwai sai ma'aikatan Yamai masu fatar tumatir."

Shekarun fari sun same ni da mata da jaririya a goye. Damina ta yi mana ƙarya sau biyu. Shanu suka zube a hanyar Sanam, ɓeraye ma suka yi ƙaura daga rumbunmu. Sabulu ya ƙare, bakin reza ya rage guda ɗaya, ina wasa shi a cikin kofin gilashi. Aski dai bai fasa ba, da ruwa rabin moɗa.

Wata Juma'a na yanke shi a kunci. Ban taɓa ba.

"Hannunka ya lalace ko mi?"

Hannuna lafiya lau. Bakwai tana son fata miƙaƙƙiya mai nama a ƙasa, ta Baba kuwa ta saki, tana bin reza kamar jiƙaƙƙen tsumma. Duk mun rame a shekarar, amma ramarsa ta fi ta kowa sauri.

Matata ce ta gaya mini dalili. Tun da yunwa ta ƙafar mata da nono, in an raba fura, sai ya ɗauki rabonsa ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya ce da iska, "Ni na sha hura gidan liman," ya wuce. Gidan liman kuwa ganye suke ci. A wurinmu suruka ba ta ɗaga ido ta kalli uban miji, balle ta mayar masa da ƙwarya ta ce a'a. Ya san da haka, da kunyarta ya ɗaure ta.

"Kai ne ɗansa," ta ce, tana kuka. "Kai ke da bakin yi masa magana."

Na ce sai Juma'a, in na samu kansa a hannuna. Kafin Juma'ar ta zo, nono ya dawo mata, kukan jaririyar da ya koma kamar na mage ya fara cika gida. Na tsaya a bayan Baba, maganar tana bakina, sai na murɗa zoben zuwa biyar.

"Lamba nawa?"

"Bakwai, Baba."

Ya shafa kuncinsa. "Bakwan ga taka ta yi sanyi."

"Bakin ne ya dakushe."

"To," ya ce. Bai nemi in nuna masa zoben ba, alhali ya san zanen bakwai kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa.

Daga biyar na sauka uku. A uku sai ya tura harshe cikin kunci ya ɗago mini fatar, don ramin ya yi zurfi. A ɗaya ina riƙe ƙeyarsa da hannun hagu, kan ba ya tsayawa da kansa. Kowane mako ina cewa bakwai, yana cewa madalla, ƙwaryar tana zuwa ƙofar ɗakin.

Ya rasu ranar Alhamis da la'asar. Wurin wanka na ga furfura ta rufe kumatunsa, abin da lamba ɗaya ta riƙa bari mako bayan mako. Na ɗauko rezar na murɗa bakwai ta gaskiya, liman ya riƙe mini hannu.

"Ba a yi wa mamaci aski, ɗana. Ajiye."

Haka muka sa shi a likkafani. Ni na tallafi fuskarsa na juya ta gabas a cikin kabari, gashin yana sukar tafin hannuna. Jaririyar nan yau tana da jikoki, ita ke aiko mini da fura, kuma ban taɓa gaya mata ba.