Ni Na Yi wa Kyanwar Goggo Wanka

Yau shekara ashirin cif da muka kai Goggo Ladidi makwancinta a nan Garwa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan sa a dafa shinkafa a raba, in tara 'yan'uwa a yi mata addu'a. Kowa ya tashi yana cewa Sani ɗan halak ne, bai manta da wadda ta raine shi ba. Ni kuwa in sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne. Wallahi ba tawali'u ba ne, kunya ce. Bana dai na ce shinkafar ta isa haka, bari in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun Goggo tana da kunnen ji.

Yayar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ita ta ɗauke ni ta goya, don nata 'ya'yan babu wanda ya rayu. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Da na girma na gaji rumfar atamfa ta gidanmu a babbar kasuwa, na yi aure, sai na gyara mata ɗaki a gidana a unguwar Pumpumre. Daga tukunyar matata take ci. Amma Goggo ba ta iya zaman banza ba. Gyaɗa take soyawa, ta murje, ta ɗura a kwalabe ana zuwa har gida ana saye, ta ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane.

Wata damina ce wata 'yar kyanwa ta shigo ɗakinta a jiƙe sharkaf, ta laɓe bayan buhun gyaɗa. Goggo ta goge ta da tsumma, ta sa mata suna Baƙuwa. Baƙuwar nan ta shekara shida ba ta tafi ba. Kan kifin kogin Binuwai duk nata ne. Idan lallashi ne Goggo da Hausa take yi mata, idan kuwa ta yi ɓarna sai ta koma Fulatanci, wai ta fi jin faɗa da shi. Mu muna dariya. Ban gane ba a lokacin cewa ni ina kasuwa tun safe, matata tana fama da kicin, tsohuwar nan ba ta da abokin hira duk yini sai wannan dabba.

Abin ya faru a shekarun nan da aka zaftare albashin ma'aikata, kuɗin sefa ya faɗi, komai ya ninka farashi. Waɗanda suka ga lokacin ba sa bukatar in tuna musu. Mutum ya yi zazzaɓi sai ya tafasa ganye ya rufa da bargo, don takardar likita ba ta sayuwa. A cikin wannan hali ne Baƙuwa ta kamu da ƙaiƙayi. Gashin wuyanta ya zube, ta sosa har jini, ta daina cin kan kifin.

Goggo ta riga ta zaɓi likitanta tun kafin ta yi mini magana. A lokacin hanya uku ce ga mai dabba mara lafiya. Ko ka je ofishin dabbobi na gwamnati ka bi layi bayan masu garken shanu, ko ka tsaya wurin masu tallar magani a faranti cikin rana a bakin kasuwa, ko kuwa ka je wurin Misye Matiyas. Shi mutumin duwatsun wajen garin Gidar ne, Kirista, ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗan shago layi biyar daga gidanmu. Matan unguwa ne masu kai masa awaki da kaji. Hausarsa ta kasuwa ce, rabi Fulatanci, kuma duk tsohuwa Dada yake ce mata, wato uwa da Fulatanci. Goggo ta taɓa ganin sa yana duba akuyar maƙwabciyarmu. Abu uku ta ce sun burge ta: ya wanke hannu kafin ya taɓa, ya faɗi kuɗin aikinsa kafin ya fara, kuma da matar ta ce ba ta da su duka, ya ce ta kawo abin da ya sawwaƙa, sauran idan akuya ta haihu. Yau ina da masaniyar asibitocin dabbobi masu allo da fitila, amma ban ji wanda ya fi Goggo iya zaɓen likita ba.

Ran wata Talata da safe ta kira ni, ta kwance bakin zane ta ba ni jaka uku, wato sefa dubu uku, kuɗin gyaɗar makonni. Ta sa Baƙuwa a kwando ta rufe da tsohon ɗankwalinta.

"Babana, wurin Matiyas za ka kai ta. Kada ka kai ta wani wuri."

Na ce to. Har ga Allah da niyyar zuwa na fita.

Sai dai hanyar ta bi ta gindin dalbejiyar da muke zama, mu 'yan kasuwar layinmu, kafin a buɗe rumfuna. Alhaji Buba dillalin shanu, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa, shi ya fara hango ni.

"Kai Sani, ina zuwa da kwando kamar mai kai gara?"

Kafin in yi magana ya ɗaga ɗankwalin. Baƙuwa ta leƙo da wuyanta a saɓule, ta yi kuka. Wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce a tanadar mata gado a babban asibiti, wani ya ce ko za a yi mata ƙarin ruwa. Buba ya share hawayen dariya ya ce, "Jama'a na mutuwa ba kuɗin ƙwayar zazzaɓi, kai ɗan gidan Alhaji guda za ka tsaya layi da mata kana riƙe da kyanwa? Haba! Zo in ba ka maganin kaskar da nake wanke shanu da shi. Murfi ɗaya a bokiti, ka tsoma ta, an gama."

Ina da shekara talatin da huɗu a lokacin, da mata da 'ya'ya biyu. Ba yaro ba ne ni balle in ce ruɗa ni aka yi. Dariyar mutum shida ce kawai na kasa ɗauka. Na karɓi kwalbar, na zaga bayan rumfata, na haɗa ruwan ya yi fari kamar madara, na tsoma Baƙuwa har wuya. Ta yakushe ni a hannu, tabon yana nan har gobe. A raina har ina yaba wa kaina, wai na yi dabara. Abin da ke wanke bijimi mai ƙaho, me zai gagare shi a jikin kyanwa? Haka tunanin ɗan kasuwar shanu yake, kuma haka na ara na yafa. Ban san abin da bijimi yake ɗauka lafiya lau guba ne ga kyanwa ba. Ban tambaya ba kuma, alhali mai amsar yana layi biyar kacal daga gidanmu.

Da azahar na mayar da ita gida na ce likita ya yi mata wankan magani. Goggo ta shinshina ta ce kai, maganin nan da ƙarfi yake. Ta sa mini albarka. Na koma kasuwa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Goggo na ji shi, da na dawo bayan magariba na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki da kwando babu komai a ciki. Wajen la'asar Baƙuwa ta fara karkarwa, miyau na dalala, ƙafafu suna shure-shure. Tsohuwar da ko biki sai an yi da gaske take fita, ta ɗauki kwando ta taka da ƙafarta har shagon Matiyas. Ya karɓa da gudu ya hau wanke ta da sabulu, ya yi mata allura, amma ina! A kan teburinsa ta cika. Goggo ta dube shi a gaban matan da ke jira da awakinsu ta ce, "Kai ka kashe mini ita da wankan da ka yi mata da safe."

Ta ce mini sai ya tsaya, ya ɗauki ɗankwalin ya kai hanci. Ya ce, "Dada, wa ya kawo ta da safe?" Ta ce, "Babana mana, wanda nake gidansa." Ya ajiye ɗankwalin ya ce, "Ki yi haƙuri, Dada. Hannuna ne bai yi kyau ba."

Tana ba ni labarin tana kuka tana cewa, "Ka ji, da bakinsa ya amsa." Ni kuma ina tsaye, jaka ukunta suna cikin aljihuna. A nan ne ya kamata in durƙusa in ce Goggo ni ne. Kalma uku. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Sai haƙuri, Goggo, kwananta ne ya ƙare."

Kuɗin nan sun zame mini garwashi. In mayar mata, asiri ya tonu. In kashe, ba zan iya ba. Bayan mako guda na sayo mata sukari da ganyen shayi da sabulu da su, na kai mata a matsayin tsaraba daga gare ni, don ta rage baƙin ciki. Ta riƙe hannuna, wanda tabon yake a kai, ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan rana ba.

Maganar Goggo tana da nauyi a Pumpumre, don ba a san ta da ƙarya ba. Duk wadda ta zo sayen gyaɗa sai ta ji yadda Matiyas ya kashe Baƙuwa. Matan suka janye awakinsu ɗaya bayan ɗaya, suka koma wurin masu faranti. Ni na daina bin layinsa gaba ɗaya, nakan zagaya ta bayan masallaci ko da ina sauri. Shekara ba ta cika ba ya rufe shago ya koma Gidar. Na daɗe ina lallashin kaina cewa matsin lokacin ne ya kore shi, ai shaguna da yawa sun rufe. Wataƙila da haka a ciki. Amma na san wanda ya fara tura ƙofar.

Goggo ba ta sake riƙe kyanwa ba. Ta ƙara shekara uku a duniya, ɗakinta shiru.

Ran addu'ar uku ina zaune a tabarma ina karɓar gaisuwa, sai ga Misye Matiyas ya sauko daga kan babur, ya rame, ya yi furfura. 'Yan kasuwar da ke zuwa cin kasuwar Gidar ne suka kai masa labari. Ya cire takalmi ya zauna kusa da ni, ya yi gaisuwa yadda ake yi. A raina na ce yau ranar tonon asiri ce. Da zai tashi ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji, ta ci gaba da cin abincin gidanka har ƙarshe?"

Na ce ta ci.

"To madalla. Abin da na duba ke nan a ranar. Tsohuwa ba ta da kowa sai kai."

Ya sa takalminsa ya tafi. Ko ruwa ban iya cewa a kawo masa ba.

Yau Garwa ta canza. Akwai shagunan da ke sayar da abincin kyanwa a gwangwani. 'Yata Hadiza tana da wata farar kyanwa mai karne, wato katin allurar rigakafi, da hoto da tambari kamar ɗan lakwal, ɗan makarantar boko. Da Goggo za ta leƙo ta gani, na san dariya za ta yi ta ce duniya ta zo inda take tun tuni. Sannan ta tambayi nawa ake biya, ta riƙe baki, ta ce a nemo mata likitan da ke faɗin kuɗinsa kafin ya taɓa dabba. Ni nake ɗaukar kyanwar Hadiza in kai ta asibiti da kaina, a kwando, ta gaban dalbejiyar nan. Har yanzu akwai masu dariya. Sai yanzu na ga ashe dariyar ba ta da nauyin komai, minti biyu ce ka wuce ta. Don gudun minti biyun nan na kashe wa tsohuwa abokiyar zamanta, na kashe wa bawan Allah kasuwarsa.

Masu tallar magani a faranti ma suna nan, sun ma ƙaru, kuma har gobe akwai mai ba ka shawarar murfi ɗaya a bokiti don ya rage maka kashe kuɗi. Wanda duk yake da dabba a gida, ina roƙon sa ya taka ya tambayi wanda ya karanci abin. Idan kuɗin ne babu, ya faɗa masa babu, sau da yawa akan sami hanya.

Misye Matiyas yana raye a Gidar, an ce idonsa ya yi rauni. Ranar kasuwa mai zuwa zan hau mota in je in karanta masa wannan da bakina, in yana so ya kore ni. Matan Pumpumre da suka janye awakinsu, waɗanda suka rage cikinku, ku ji, ku kuma faɗa wa 'ya'yanku: mutumin nan bai taɓa yi wa Baƙuwa wankan magani ba. Ni na yi.

Abin da ya rage mini na Goggo ba shi da yawa. Kwalaben gyaɗarta biyu, da kwandon, da maganarta ta ƙarshe. Ana gobe za ta rasu, da hantsi, ta kira ni ta ce in zama shaida ta yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mata. Ta numfasa ta ƙara da cewa, "Har likitan nan, Babana. Na yafe masa." Ta dube ni tana jiran in yaba mata, na ce Allah ya ba da lada.

Ta yafe wa wanda bai yi mata komai ba. Ni da na yi, ba ta yafe mini ba, don ban taɓa ba ta damar yin hakan ba. Allah ya jiƙan Goggo Ladidi, ya haskaka kabarinta. Ni kuma ku taya ni roƙo, don wadda zan roƙa ta riga ta tafi.